Saniyar Aro

A bayan asibitin dabbobi akwai wani dogon ɗaki mai farin tayil inda ake gwada jinin shanu, kuma a can ƙarshensa, kusa da famfo, nan ne wurin Goggo Don-me. Shekara ashirin da shida ta yi a gaban wannan famfo tana wanke kwalabe. Sunanta na yanka yana jikin katin aikinta, amma ko maigadi bai san shi ba. Tun tana ƙarama ba a gaya mata magana ta karɓa ta yi shiru, sai ta ji dalili. A ce a dafa kwalba minti ashirin, sai ta ce don me ba sha biyar ba. A ce kada ta taɓa abu kaza da hannu, za ta bari, amma fa sai an faɗa mata abin da zai faru in ta taɓa. Likitoci bakwai suka yi aiki a ɗakin suka tafi. Uku sun so ta, huɗun kuwa sun ɗauke ta wani ciwon kai da suka gada tare da tsohuwar firiza.

Ita ce auta a gidansu. A aji shida ta tsaya da makaranta, ba don kai ya gaza ba, sai don mahaifiyarsu ta kwanta doguwar jinya kuma babu mai zama da ita. Daga baya ta auri wani tela mai haƙuri, wanda ya shekara sha tara yana taka keke yana amsa tambayoyi har Allah ya yi masa cikawa. Da shara ta shigo asibitin. Daga shara aka matsar da ita wanki, sannan wata rana wani likita ya ga yadda take rubuta lambar takwas, tsaf kamar an buga, sai ya miƙa mata babban littafin karɓar jini. Tun daga ranar duk kwalbar da ta shigo ɗakin sai ta bi ta hannunta sau biyu: da jininta, ta rubuta lambar gona da lambar dabba, sannan bayan an gama da ita, ta wanke ta sau uku ta kife.

Bayan tambaya, abin da Goggo ta ƙware a kai shi ne sanin wa ya haifi wa. Ba na mutane kaɗai ba, har na shanu. Yayanta yana da ɗan garke a bakin gari, kuma duk Asabar da safe can take zuwa, ta zauna a kan kifaffen bokiti tana yi masa lissafin asalin dabbobinsa, shi kuwa yana tatsa yana ce mata uhm. Yaya mutum ne mai rowar magana. In ya yi jimla uku a jere, to lallai wani abu ya faru.

Shanunsa goma sha biyu ne, sha ɗaya duk saye ne ko 'ya'yan saye. Guda ɗaya ce tak ta rage daga jinin jar saniyar da mahaifiyarsu ta bar musu, ita ce suke kira Shiru. Ja ce ita ma, 'yar madaidaiciya, shekararta shida, ba ta taɓa harbin kowa ba, ba ta taɓa tsinke igiya ba. Sau uku tana haihuwa, duk maruƙan ba wanda ya kai wata shida. Da wani mai shanun ne, da tuni ya rabu da ita, amma Yaya ko a mafarki, domin in ya shafa goshinta tamkar ya gaida tsohuwarsu ne, ita ma Goggo haka take ji. Ga shi kuma Shiru tana da wata baiwa. In mutum ya sayo karsana mai ƙaramin ciki ta ƙi sabon wuri, ta ƙi ci, sai kuka da fizge-fizge, to a kawo Shiru a ɗaure kusa da ita. Kafin kwana biyu za ka tarar da su kwance suna tuƙa, suna ci a kwano ɗaya, Shiru tana lasar mata wuya. Saboda haka masu shanu suke zuwa aronta, mako biyu nan, wata guda can. Yaya bai taɓa karɓar ko allura a kan wannan ba. Shi ne kaɗai abin da yake taƙama da shi a duniya, ko da yake sai dai ka gani a tafiyarsa.

Shekarar da wannan labari ya faru, ɓari ya yi yawa a garkunan yankin. Maruƙan da suka zo da rai kuma wasu sai zawo da majina, su yi ta ramewa har su mutu. Aka kawo sabuwar Likita, yarinya mai tabarau, sa'ar 'yar Goggo ta biyu. Ranar farko Goggo ta gwada ta da tambaya uku, ta amsa biyu, ta ukun ta ce ba ta sani ba amma za ta duba. Nan take ta shiga ran Goggo, domin cikin likitoci bakwai ba wanda ya taɓa cewa bai sani ba.

A lokacin shan shayi Likita ta warware mata zancen. Ta ce cutar zawon shanu ce, wata ƙwaya ke kawo ta da ko madubin duba ƙwayoyin cuta na ɗakin ba ya iya nuna ta. Saniya babba in ta kamu, takan yi 'yan kwanaki ba daɗi, jikinta ya yaƙi ƙwayar ya kore ta, sai dai tabon yaƙin ya zauna a jininta. Matsalar tana ga mai ciki. In ta kamu a watannin farko, ko ta yi ɓari, ko kuma ɗan da ke cikinta ya tashi tare da ƙwayar, jikinsa ya ɗauka 'yar gida ce, ba zai taɓa yaƙarta ba. Irin wannan maraƙi yana zubar da cutar ta yawu da majina da fitsari muddin ransa. Yawancinsu ba sa yin tsawon rai, amma akan sami ɗai-ɗai da za su girma sumul, ba ka ganin komai a jikinsu. Babu magani. In an gano irinsu, sai wuƙa.

Goggo ta ajiye kofi ta ce don me za a yanka mai lafiya a bar majinyata.

"Majinyaci kowa yana ganinsa, Goggo, ana ware shi," in ji Likita. "Mai lafiyar shi ake barin ya shiga ko'ina."

Abin da ya fi ɗaukar hankalin Goggo shi ne da Likita ta ce ƙwayar nan ba iri ɗaya ba ce, dangi ce guda, mai manyan gidaje da ƙanana. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani dogon rubutu na halittarta, kuma duk lokacin da za ta haifi wata sai ta kwafe rubutun. Wajen kwafar takan yi ɗan kuskure, harafi ɗaya nan, ɗaya can, 'ya'yanta su gaji kuskuren su ƙara nasu. Don haka in ka karanta rubutun ƙwayar gona kaza ka jera shi da na gona kaza, za ka san ko uwarsu ɗaya, ko kakanninsu ne suka haɗu, ko kuwa babu abin da ya haɗa su sai suna. Goggo ta yi tagumi tana sauraro. Ashe duk shekarun nan da take zubar da ragowar jini a rariya, zuri'a guda take korawa da ruwa ba ta sani ba.

Wata biyu ana aikin. Mai Allura, wani dogon mutum da ya fi shekara goma yana yawon garkuna a kan babur, shi ke zuwa gona-gona. Ya ɗebi jini, ya ɗan gutsure gefen kunnen kowace dabba da wani ƙaramin awartaki ya jefa a kwalba, ya cika takarda: gona ɗaya, takarda ɗaya, sunan mai ita a sama, dabbobinsa a jere a ƙasa. Da yamma ya dire kula a gaban Goggo yana ƙorafin hanya. Waɗanda aka sami ƙwayar a jikinsu aka aika da jininsu babban ɗakin gwaji a wani gari, aka dawo da rubutun, Likita ta zuba a kwamfuta. Wata Litinin ta fito da wata doguwar takarda ta manna a bango, zane ne mai rassa, kowane ƙarshen reshe da lambar gona.

Goggo ta tsaya a gaban takardar hannunta yana ɗigar ruwa. Ba a yi mata bayani ba, ba ta kuma nema ba, wannan kam aikinta ne. Ta bi rassan da ɗan yatsa ta ƙirga gidaje biyar. Ta ce waɗannan biyu ciki ɗaya ne, wannan ɗan kawunsu ne, wancan na gefe kuwa baƙo ne, da gani daga wata kasuwa mai nisa aka kwaso shi. Waɗannan da waɗancan dangin nesa ne, irin wanda ake gaisawa a hanya kowa ya wuce. Likita ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce da Goggo ce ta koyar da su a jami'a da ba wanda ya faɗi.

Sai dai akwai wani reshe da ya hana Likita sakat. Gona ta tara, da ta sha bakwai, da ta ashirin da uku, duk sun taru a tsinke ɗaya, rubutun ƙwayarsu kusan ba bambanci. Wannan na nufin daga wuri ɗaya suka samu, kuma ba da daɗewa ba. Amma gonakin ba su haɗa shinge ba, ba su haɗa mashaya ba, ba bijimi ɗaya ya hau shanunsu ba, kuma Mai Allura ya tabbatar karsanan da suka yi ɓari daga kasuwanni daban-daban aka sayo su. Sannan ga gona ta huɗu, mai wani abin mamaki nata: duk dabbobinta suna da tabon cutar a jini, alamar sun daɗe suna zaune da mai ɗauke da ita, amma ba a sami ƙwayar a jikin ko ɗaya ba. Likita ta ce kamar ka shiga ɗaki ne ka tarar hayaƙi ya turnuƙe, ka duba ko'ina babu murhu.

Goggo ta san gona ta huɗu, ta Yaya ce. Ta koma kan teburinta ta buɗe babban littafi, ba don tana zargin komai ba, sai don ita ma abin ya ba ta sha'awa. Ta bi layin da rubutun hannunta, tana sa wa kowace lamba fuska. Wannan Mai Ƙaho Ɗaya ce, wannan 'yarta, wannan baƙar da aka sayo bara. Ta kai ƙarshe ta ga sha ɗaya. Ta sake ƙirgawa daga ƙasa, sha ɗaya dai.

Ta bari sai da Mai Allura ya dawo da yamma, ta kai masa ruwa, ta tambaye shi kamar da wasa ko ya ga wata jar saniya a garken yayanta. Ya ce ranar da ya je ba ta nan, an ce tana gidan Tsohon Direba, wato gona ta sha bakwai. To da ya je sha bakwai fa? Ya ce ƙwarai ya gan ta, tana ɗaure kusa da wata karsana, har ya ɗauko awartaki, sai Tsohon Direba ya ce wannan ba tasa ba ce, ta aro ce, kada a sa ta a takardarsa. Shi kuma ya ga gaskiyar mutumin, domin takarda ta mai gona ce, ba a rubuta dabbar wani a sunan wani. Bai kuma sake komawa ta kanta ba. Ya shanye ruwan ya miƙa mata kofi, bai ma tambayi dalilin tambayar ba.

Goggo ta shiga lissafi. Gona ta tara ta Malamin Makaranta ce mai ritaya, kuma ita da kanta ta ga ranar da ya zo ya ja Shiru bara. Ashirin da uku ta wasu 'yan'uwa biyu ce da ke bayan gada, Shiru ta yi wata guda a wurinsu. Sannan ta tuna maruƙan Shiru uku, yadda kowanne ya zo ƙanjamamme ya tafi da zawo, ta kuma tuna Likita ta ce wadda aka haifa da ƙwayar, duk abin da ta haifa da ita yake zuwa. Ta zauna a kan kujera tana kallon famfo yana zuba.

Kwana huɗu Goggo Don-me ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Aka kawo sabon sabulu mai wani irin wari, ta karɓa ta yi shiru. Aka canza wa firiza wuri, ba ta ce uffan ba. Maigadi har ya leƙo ya tambaya ko an yi mata rasuwa. Ita kuwa lissafi take yi a ranta, kuma ba lissafin kirki ba ne. Ba wanda ya san shanun Yaya sha biyu ne sai ita. Aikin ya kusa ƙarewa, Likita za ta rubuta rahotonta ta ce ba a gano tushen reshen ba, takardar bango ta yi ƙura a cire ta. Ai zato ne kawai, in ji zuciyarta, kuma ba a yanka saniya a kan zato. Tana tsoro, tana kuma jin kunyar tsoron nata, domin ta san gwajin kunne ɗaya zai raba zato da gaskiya, kuma wannan gwajin ne ba ta so.

Ranar Asabar ta je garke kamar kullum. Shiru ta dawo gida, tana tsaye a inuwa, ta miƙo hanci Goggo ta shafa. Ba ta gama zama a kan bokiti ba sai ga Mai Madara ta shigo da igiya a hannu. Mace ce mai kamar shekara arba'in da ke kai madara gida-gida a kan keke, kuma kwanan nan ta tattara abin da ta tara ta sayi karsana biyu, duk da ciki wata biyu-biyu. Ta ce sun hana ta sukuni, ɗaya har ta karya turke, ta zo a taimaka mata da Shiru ko na mako biyu ne. Yaya ya ajiye bokitin tatsa ya nufi inuwa yana tafiyar nan tasa.

Goggo ta miƙe ta riga shi kama igiyar wuyan Shiru.

"Yaya, yau ba za ta je ba."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. Mai Madara ta ga abin na gida ne, ta ce bari ta je ta dawo, ta fita. Sai Goggo ta zayyana masa komai, rassa da gidaje, da hayaƙin da ba murhu, da sha ɗaya da sha biyu. Ta yi maganar a karkace, ta faro daga ƙarshe ta koma farko, ita da take iya jera kakanni bakwai ba gargada. Yaya ya saurara har ta gama. Sannan ya yi magana mai tsawon da bai yi irinta ba tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya ce saniyar da ba ta taɓa ko tari ba ita za a ɗora wa mutuwar maruƙan mutane. Ya ce shekara da shekaru yana kyautata wa maƙwabta da ita, yau ƙanwarsa ta zo ta ce guba yake raba musu. Ya ce wankin kwalba bai mai da kowa likita ba.

Wannan ta ƙarshen ta yi mata zafi, amma ba ta saki igiyar ba. Ta ce ita ma addu'arta ke nan, a ce wankin kwalbar ne ya ruɗe ta. A bar Mai Allura ya zo ya ɗauki kunne. In Shiru ta fita ba cuta, ita da kanta za ta ja ta har gidan Mai Madara, ta dawo ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya koma kan tatsarsa. A wurinsa wannan izini ne.

Ranar Litinin ta faɗa wa Likita. Likita ta tambaye ta tun yaushe ta sani. Goggo ta ce tun ranar da aka manna takarda. Likita ba ta yi mata faɗa ba, ta dai kira Mai Allura, wanda da ya fahimci abin da ya faru ya dafe kai ya ce shi fa takarda ya bi. Da rana ya dawo da kwalba ɗaya tak a cikin kula. Goggo ta buɗe littafi a shafin gona ta huɗu, ta ƙara layi a ƙasa, ta rubuta sha biyu. Rubutun bai yi kyau kamar yadda ta saba ba.

Gwajin farko ya nuna ƙwayar tana nan. Likita ta ce a ware Shiru, a jira mako uku a sake, domin wadda ta kamu kwanan nan za ta warke, wadda aka haifa da ita kuwa tana nan daram. Aka jira, aka sake, tana nan. Da rubutun ya dawo daga babban ɗakin gwaji, Likita ta fito da sabuwar takarda ta manna a kan tsohuwar. Gona ta huɗu ta sami wurinta a reshen nan, tare da tara da sha bakwai da ashirin da uku. Goggo ta duba sau ɗaya ta koma famfo.

Da yammacin ranar ta je ta faɗa wa Yaya. A makonnin nan uku gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ya ɗaure Shiru ita kaɗai a bayan rumbun ciyawa, da kwanonta daban, shi yake kai mata ruwa da kansa. Ya ji sakamakon bai ɗago ba. Can ya ce, to tun da su masu ilimi sun san komai, su gaya masa inda ta samo. A nan aka haife ta, a gabansa, uwarta ba ta taɓa fita ko ƙofar garke ba lokacin da take da cikinta.

Ya yi tambayar ne don ya huce, amma ya yi ta ga mutumin da ba ya iya barin tambaya a ƙasa. Goggo ta kama lissafi tun kafin ta yi niyya. Shiru shekara shida da wata biyu. A ƙara watannin ciki, a koma baya, ya kama wajen shekara bakwai, lokacin da aka yi wa asibiti sabon rufi. A wannan lokacin ne wani mutum ya kawo wani ƙanjamammen maraƙi mai zawo, ya ga ba zai yi ba, ya tafi ya bar shi a harabar asibiti. Kwana biyu yana kuka a gindin tanki. Wata mata mai tausayi ta naɗe shi a buhu, ta hau motar haya da shi, ta kawo shi garken yayanta, ta ce a sa shi kusa da jar saniyar nan mai ƙaramin ciki, wato uwar Shiru, ita ce mai haƙuri, za ta lashe shi ya ji ɗumi. Ya yi wata biyu ya mutu, aka manta da shi.

Goggo ta nemi bokiti ta zauna.

Washegari ta tambayi Likita ko za a iya tabbatarwa. Likita ta ce ba hali, ba a ɗebi jinin maraƙin ba, kuma akwai wasu hanyoyin da ƙwayar za ta iya shigowa, ta takalmi ko ta allura ko ta kan shinge. Ta ce ba dole ne Goggo ta ɗora wa kanta ba, ba kuma dole ne ta faɗa wa kowa ba. Goggo ta gode mata. Ta san Likita gaskiya ta faɗa, ta kuma san watannin sun zauna daidai, ita ce kuwa ba ta taɓa kuskuren lissafin ciki ba.

An shirya da mahauci ranar Asabar da safe. Likita ta ce cutar ba ta kama mutane, naman ba shi da laifi. Goggo ta isa garke rana ta ɗan ɗaga, ta tarar Yaya ya wanke Shiru, ya ba ta dusa, yana tsaye yana ƙoƙarin kwance ƙullin da shi da kansa ya ɗaura, ya kasa. Kafin ya juyo ta fara magana.

"Yaya, ka tambaya inda ta samo. Ka tuna maraƙin nan da na kawo a buhu?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ta ga yana komawa baya a ransa, yana ƙirga watanni yadda ta ƙirga, leɓensa yana motsi. Ta ce Likita ta ce ba tabbas, amma ita a ganinta shi ne, kuma ita ta zaɓi inda za a kwantar da shi. Ta ce ba ta so ya je gidan Malamin Makaranta da Tsohon Direba da 'yan bayan gada yana ba da haƙuri shi kaɗai, alhali daga hannunta abin ya faro.

Yaya ya dubi saniyar. Shiru kuwa ta juyo ta fara lasar hannun rigarsa.

"Ni na shimfiɗa masa ciyawar," in ji shi.

Ya sunkuya ya kwance ƙullin. Igiyar doguwa ce, ya naɗe rabi a hannunsa, ya miƙa wa Goggo sauran. Suka fito ta ƙofar baya don kada su bi ta cikin sauran shanun, shi a dama ita a hagu, jar saniyar a tsakiya tana tafiya a natse kamar yadda take zuwa duk gidan da aka kai ta. A kan hanya suka haɗu da Mai Madara a kan kekenta. Ta taka birki ta sauka, ta ce karsananta sun kwantar da hankali da kansu, cikin yana nan lafiya. Ta dubi igiyar, ta dubi fuskokinsu, sai ta janye keken gefe ta ba su hanya.

Ranar Litinin Goggo ta buɗe babban littafi, ta sa rula ta ja layi a kan lamba sha biyu. Sannan ta kai wa Likita takardar da Mai Allura yake cikawa, ta nuna mata ƙasan shafin inda sunayen dabbobi suka ƙare, ta tambaya don me babu wurin rubuta dabbar aro.